Me ya sa jama'a ke yaba wa sola da baki, amma su noƙe ranar karo-karo?

"Assalamu alaikum Injiniya. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban unguwarmu a nan Tudun Wadan Zariya. Tun bara muke kiran mutane a yi karo-karo mu mayar da rijiyar burtsatsen unguwa ta koma aiki da sola, mu kuma kafa fitilu a lunguna. Duk wanda ka tuntuɓa sai ya ce abu ya yi kyau, Allah Ya sa albarka, amma ranar karɓar kuɗi ba ka ganin kowa. Wasu ma cewa suke wannan aikin gwamnati ne, ba namu ba. Na karanta cewa a Jamus da Denmark mutanen gari da kansu suke zuba kuɗinsu a irin wannan aiki. Shin ilimi suka fi mu, ko al'adarmu ce ba ta karɓar irin wannan? Me ke sa jama'a su goyi bayan wutar sola da ta iska a wani wuri, su ƙi a wani?"

Wa alaikumus salam, Malam Sakatare. Tambayarka biyu ce a haɗe. Ta farko, me ya sa mutum zai yaba abu da bakinsa amma ya ƙi sa hannu a aljihu. Ta biyu, wannan hali namu ne mu kaɗai, ko haka ɗan Adam yake ko'ina. Sana'ata ɗora sola ce, a gidaje da makarantu da rijiyoyi da gonakin rani, daga nan Zariya zuwa ƙauyukan Giwa da Soba, kuma aikin da na ga ya mutu saboda mutane ya fi wanda na ga ya mutu saboda waya ko batir yawa nesa ba kusa ba. Dole ce ta sa na koma karanta abin da masu binciken halayyar jama'a suka gano a wasu ƙasashe.

Ra'ayina shi ne ba ilimi ba ne, ba kuma jini ba ne. Mutum ba ya goyon bayan "makamashi mai sabuntawa" haka kawai a sama. Abin da yake dubawa shi ne: wa na gani yana amfani da shi, wa zai riƙe kuɗin, na wane ne abin in an gama, kuma me ya faru da na baya da aka kawo mana? In amsoshin nan suka kwanta masa, zai biya ko bai taɓa shiga aji ba. In ba su kwanta ba, ko farfesa ne zai ce maka Allah Ya sa albarka ya wuce.

Masu ilimin ma suna ƙi

A kusan duk ƙasar da aka yi ƙuri'ar jin ra'ayi, mafi yawan mutane cewa suke suna son wutar rana da ta iska. Amma a zo kafa abin kusa da gidansu ka ga rigima. A Amurka, a 2001 aka kawo shirin kafa manyan fankokin iska 130 a cikin teku gefen jihar Massachusetts, wurin da attajirai da manyan 'yan boko ke da gidajen hutu. Suka ce za a ɓata musu kallon teku. Sanata Edward Kennedy, wanda ake lissafawa cikin masu kare muhalli, yana cikin waɗanda suka ja daga. Aka yi ta shari'a har kamfanin ya haƙura a 2017, ko fanka ɗaya ba a kafa ba. A Ingila, gwamnatin David Cameron ta tsaurara dokar kafa fankokin iska a kan tudu a 2015 saboda ƙorafin mazauna karkara, aikin ya kusan tsayawa cak, sai a 2024 aka janye takunkumin. Ita kanta Jamus da ka ambata, jiharta ta Bavaria ta yi doka a 2014 cewa tazarar fanka da gidajen mutane sai ta kai tsawon fankar sau goma, wanda hakan ya hana kafa su a mafi yawan wurare.

Ka juya kuma ka dubi Teksas. Ita ce jihar da ta fi kowace haƙo mai a Amurka, mutanenta da dama ba sa ko son jin maganar sauyin yanayi, amma ita ce ta fi kowace jiha samar da lantarki daga iska. George Bush ƙarami ne ya sa hannu a dokar da ta buɗe wannan hanya a 1999, yana gwamna. Dalili? Manomi ko makiyayi zai ba da hayar wani yanki na filinsa, a kafa fanka, shanunsa su ci gaba da kiwo a ƙarƙashinta, kuɗin haya na shigo masa duk shekara ko an yi fari. Ba sai an yi masa lacca ba.

Abin da Denmark da Jamus suka yi

Gaskiya ne mutanen Denmark sun zuba kuɗinsu, amma akwai tarihi a ƙarƙashin hakan. Tun 1882 manomansu suka fara ƙungiyoyin gama kai na sarrafa madara: kowa ya kawo nononsa, a sayar tare, a raba riba daidai abin da ka kawo, a karanta lissafi a gaban kowa. Sun yi kusan shekara 90 suna wannan kafin rikicin man fetur na 1973 ya same su, lokacin da kusan duk makamashinsu man waje ne, har aka hana tuƙa mota ranar Lahadi. Da aka zo maganar fankar iska, sai suka ɗauko tsarin da kakanninsu suka saba da shi: iyalai su haɗu su sayi fanka ɗaya, kowa da hannun jarinsa. Fankoki 20 da ke cikin ruwa gaban birnin Copenhagen, waɗanda aka kammala wajen 2000, rabinsu na ƙungiyar gama kai ne mai mambobi sama da 8,000. A 2008 suka yi doka cewa duk kamfanin da zai kafa fanka sai ya yi wa mazauna wurin tayin aƙalla kashi 20 cikin 100 na hannun jari. Yau fiye da rabin lantarkin ƙasar daga iska yake fitowa. Fankar da wani ke gani abin ɓata kallo, mai hannun jari a cikinta in ta juya kuɗinsa yake gani yana juyawa.

A Jamus tsoro ne ya fara tura mutane. Bayan fashewar tashar nukiliya ta Chernobyl a 1986, iyaye a wani ƙaramin gari mai suna Schönau, a gaba-gabansu wata malamar makaranta Ursula Sladek, suka ce ba sa son wutar nukiliya. Suka yi shekaru suna fafutuka, aka yi ƙuri'ar raba gardama har sau biyu, suka tara kuɗi, a 1997 suka karɓe layin wutar garin daga hannun kamfani. Sai dai abin da ya sa talakan Jamus ya yarda ya ci bashi ya ɗora sola a rufinsa shi ne dokar 2000, wadda ta ce duk wutar da ka samar za a saye ta a kan farashi tsayayye har shekara 20. Bajamushe ya yarda cewa in hukuma ta ce shekara 20, to shekara 20 ɗin ce. Nan ne bambancinmu yake, ba a kwanya ba. Mutumin unguwarku ya ga fitilun sola na aikin mazaɓa da aka kafa da kiɗa da jawabi, kafin shekara ta zagayo sun mutu ko an kwance batiran. Ya ga rijiyar da aka rubuta sunan ɗan siyasa a jikin tankinta ta koma wurin shanya. Ya ji labarin aikin fankokin iska na Lambar Rimi a Katsina, mai megawat 10, da aka yi fiye da shekara goma ana jan ƙafa a kansa. Ƙila kuma ya taɓa ba da kuɗin gyaran taransifoma bai ga lissafi ba har yau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da ya ce maka "aikin gwamnati ne", sau da yawa abin da yake nufi shi ne ba ya son a sake cin kuɗinsa, kunya ce ta hana shi faɗa maka haka a fuska, tunda kai ne mai karɓar kuɗin.

Kuma kada ka ce al'adarmu ba ta san haɗa kai ba. Wa ya gina masallatan unguwannin Zariya da Islamiyyunsu? Adashen mata nawa ke zagayawa a Tudun Wada kaɗai, ba takarda ba lauya, kuma ba a cika jin an cinye ba? Mutanen da ke ƙin ba ka dubu biyu su ne ke zuba dubu goma a adashe duk wata, domin sun san uwar adashe, sun san ranar kwasarsu.

Ido ya fi kunne

Wasu masu bincike a Kalifoniya, cikinsu har da Robert Cialdini, sun buga wani gwaji a 2008. Sun rataya wa gidaje takardu a ƙofa suna roƙon a rage amfani da wuta. Wasu an ce musu ku rage don ku tsimi kuɗi, wasu don kare muhalli, wasu don 'ya'ya da jikoki, wasu kuma an ce musu kawai yawancin maƙwabtanku sun rage. Da aka karanta mita, na ƙarshen nan ne suka fi ragewa. Abin dariyar, da aka tambayi mutane me ke motsa su, abin da maƙwabci ke yi shi suka sa a ƙarshe. Wasu masu binciken, Bollinger da Gillingham, su ma sun nuna a 2012 cewa duk gidan da ya ɗora sola a unguwa yana ƙara yiwuwar na kusa da shi ya ɗora. Wani binciken na 2018 a garuruwa 58 na jihar Connecticut ta Amurka ya fi shafar ka kai tsaye: masu yi wa jama'a tallan sola waɗanda su da kansu sun ɗora a gidajensu sun jawo mutane fiye da waɗanda ba su ɗora ba da sama da kashi 60 cikin 100.

Ba sai mun je Amurka ba ma. Masu aikin gona a Samaru sun daɗe da sanin wannan. David Norman, wanda ya yi aiki a cibiyar binciken aikin gona ta IAR tun shekarun 1960, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya gano cewa ƙin da suke yi wa shawarar shuka iri ɗaya zalla ba jahilci ba ne. Haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya ya fi tsare su daga asara. Manomi ba ya caca da abincin iyalinsa a kan maganar baƙo. Sai ya ga gonar wani irinsa ta yi kyau tukuna.

Na ga wannan da idona a fadamar Galma. Akwai lokacin da ake tara manoman rani ana yi musu bayanin famfon sola, su saurara cikin ladabi, su sha lemo, su koma kan injinsu na fetur. Bayan an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Wani dattijo mai tumatir da albasa ya sayar da ɗan bijiminsa ya sayi farantin sola da famfo. Ranar da muka haɗa masa, maƙwabtan gonarsa suka zo suka tsaya a kan kunya, hannu a baya, ba wanda ya ce uffan. Ɗaya ya tsuguna ya tara hannu a bakin tiyo yana jin ƙarfin ruwan, ya ɗaga kai ya dubi rana, ya ce to in hadari ya taso fa? Wani ya zagaya bayan farantan yana neman inda aka ɓoye tankin mai. Ba su tambaye ni komai ba. Dattijon suka riƙa bi gida bayan magariba, suna tambayarsa nawa ya kashe, nawa ya daina kashewa. Kafin rani na gaba sai ga kira yana shigo mini daga mutanen da ban taɓa yi wa magana ba. Haka kuma bayan duhun watan Oktoba na 2024, da aka lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, ɗaya layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya faɗi, akasarin Arewa ta yi fiye da mako ba wuta. Gidan da fitilarsa ke ci a lokacin, wanda maƙwabta suka yi layin cajin waya a zaurensa, ya yi wa sola tallan da ba gidan rediyon da zai iya.

Pakistan ta nuna iyakar inda wannan zai iya kaiwa. Kuɗin wuta ya yi tsada, farantan Chaina suka yi arha, kowa ya ga na maƙwabci, a 2024 kaɗai suka shigo da farantan da ƙarfinsu ya kai wajen megawat 17,000. Mu kuwa babban layinmu na ƙasa yawanci tsakanin 4,000 da 5,000 yake rabawa. Ba wani gangamin wayar da kai da ya yi wannan.

Amma idon da ke jawowa shi ne kuma yake korewa. Gida ɗaya da aka yi wa haɗin banza, aka sa masa faranti mai rubutun wat na ƙarya da batirin gwanjo, ya mutu cikin wata shida, zai hana layi guda saye. Araha ba ta ado, a wannan sana'a kuwa arahar mutum ɗaya tana ɓata wa unguwa duka.

Wutar gaske da wutar talaka

Akwai kuma maganar daraja, wadda masu kawo tallafi daga waje ba su cika lura da ita ba. A 2014 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta kafa wa ƙauyen Dharnai na jihar Bihar a Indiya ƙaramar tashar sola, bayan sun yi wajen shekara 30 ba wuta. Da babban ɗan siyasar jihar, Nitish Kumar, ya zo gani, sai mutane suka tare shi da kwalaye suna cewa wutar gaske suke so, ba ta bogi ba. Ba butulci ba ne. Tashar ba ta ɗaukar kayan wuta masu nauyi, kuɗinta ya fi na layin gwamnati, kuma suna ganin ana ba mutanen birni abu mai ƙarfi, su an kawo musu na lallashi. A ƙauyukanmu na sha jin irin wannan: "mu ma turakun Nepa muke so." A cikin gari kuwa abin ya juye, sola ta zama alamar rufin asiri, har ana sa ta a lissafin gidan da za a kai amarya. Abu ɗaya ne, amma a wani wuri ana ganinsa na masu hali, a wani wuri na waɗanda aka manta da su.

Bangladash ta koyar da wani darasin. Daga 2003 zuwa 2018 an sayar wa gidajen karkara ƙananan na'urorin sola sama da miliyan 4, a kan biya kaɗan-kaɗan, ta hannun ƙungiyoyin da mutane suka riga suka sani irin su Grameen Shakti, da masu gyara a kusa. Daga baya layin gwamnati ya iso ƙauyuka, aka kuma fara rabon na'urorin kyauta, sai kasuwar ta faɗi, masu bashi suka daina biya. In ɗan majalisa ya taɓa raba sola kyauta a unguwarku, to kowa jiran rabonsa yake, kai kuma ka zo kana cewa a biya.

Wa zai yi asara?

Duk aikin da ka ga ana yi masa zagon ƙasa, nemi wanda abincinsa ke ciki. A yankunan kwal na Poland da Mpumalanga ta Afirka ta Kudu da West Virginia ta Amurka, mutane ba rana ko iska suka tsana ba, aikin da ya ciyar da uba da kaka suke tsoron rasawa. A Nowe, kotun ƙoli ta yanke a Oktoba 2021 cewa fankoki 151 da aka kafa a yankin Fosen sun tauye haƙƙin ƙabilar Sami, masu kiwon wata irin barewa ta ƙasar ƙanƙara, domin an ci musu makiyayar hunturu. A Kenya, tashar iska ta tafkin Turkana mai fankoki 365 da megawat 310 ta sha shari'a da makiyayan Marsabit, har kotu ta ce a 2021 ba a bi ƙa'ida ba wajen mallaka filin. Duk wanda ya san rigimar burtali da mashaya a ƙasar Hausa ya san wannan labari. A takarda fili ne da ba kowa, a ƙasa kuwa akwai mai shi, sai dai ba shi da takarda.

Naku ƙarami ne, amma ka lissafa. Akwai 'yan ga-ruwa masu tura kura. Akwai mai rijiyar burtsatse ta kuɗi a layin baya, wanda ƙila ma dattijo ne da ake jin maganarsa. Akwai yaron da ke kula da janareton rijiyar yana samun ɗan abin sabulu a cikin kuɗin mai. Ba ɗayansu da zai miƙe a taro ya ce bai yarda ba. A majalisa da daddare za a ji "an ce abin nan ba ya daɗewa."

Bakin da maganar ta fito

Addini na da tasiri, amma ba yadda ake zato ba. Ban taɓa haɗuwa da malamin da ya haramta sola ba. Maroko ta fara shirin sa wa masallatai sola da fitilu masu tsimin wuta a 2014, har masallacin Kutubiyya na Marrakesh aka sa wa kafin taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin a 2016, aka kuma horar da limamai da malamai mata su yi wa jama'a bayani. Hikimar ita ce mutum ya ga abin a wurin da ya yarda da shi, ya ji shi daga bakin da ya yarda da shi. A wurinmu, ka ce "rage hayaƙin da ke ɗumama duniya" ba wanda zai motsa. Ka ce sadaka mai gudana, ka tuna wa mutane yadda Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, sai ka ga mai kuɗin unguwa ya gyara zama. Sai dai a yi hattara. Zariya gari ne mai masallatai na fahimta daban-daban, ga kuma 'yan'uwa Kirista a unguwanni da dama. In aikin ya zama na masallaci ɗaya, sauran za su ja baya ba tare da sun ce maka komai ba. Ruwa na kowa ne, a bar shi a ƙarƙashin mai unguwa, a sa kowane ɓangare a kwamiti.

Sannan mata. Taronku na maza ne a ƙofar gida, alhali wadda ta san nawa ake kashewa a jarka kullum, wadda 'ya'yanta ke makara makaranta saboda layin ruwa, tana cikin gida. Na sha ganin maigida ya ce babu hali, bayan mako biyu ya kira ni, ashe uwargida ce ta yi lissafin ribar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya ta ce za ta kawo rabi daga adashenta. Ku nemi malamar Islamiyyar matan aure da uwayen adashe su kai maganar ciki.

Da ni ne kai

Zan ajiye maganar fitilu tukuna, in kama ruwa kaɗai. Dalilin na sana'a ne. Famfon rijiya ba ya buƙatar batir: rana ta fito sumo, wato famfon da ke cikin rijiyar, ya tura ruwa tanki, dare ya yi a sha daga tanki. Batir shi ne abin da ya fi tsada, shi ke fara mutuwa, shi ɓarawo ke nema. Fitilar titi kuwa kowace da batirinta a kan turke, tsakar dare ba mai gadi. In kun fara da abin da zai mutu da wuri, kun kashe na biyun tun kafin a fara.

Kafin a sake kiran taro, ku ɗauki mutum biyar ko shida, har da wanda ya fi kowa musu, ku kai su unguwar da rijiyarta ta sola ta yi shekara biyu ko uku tana aiki. Ku bar su su yi hira da mutanen wurin ba ku a kusa. Ku 'yan kwamiti ku fara zuba naku, a rubuta a bango da suna da adadi. Kuɗin kada ya zauna a hannunka, Malam Sakatare, ko da kai waliyyi ne. A buɗe asusu mai sa hannun mutum uku daga ɓangarori daban-daban, a riƙa karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, a liƙa rasit. A karɓi farashi daga masu haɗawa aƙalla uku, a je a ga aikin da kowannensu ya yi a baya, a riƙe wani kaso na kuɗinsa sai rijiyar ta yi wata uku tana aiki.

Kada ku ce ruwan kyauta ne. A sa ɗan kuɗi kaɗan a jarka, ƙasa da na kasuwa, a ware gidajen marayu da gajiyayyu. Wannan kuɗin shi zai sayi sabon sumo ranar da na yanzu ya ƙone, ya biya wanda zai riƙa wanke farantan, domin ƙurar hunturu in ta kwanta a kansu ƙarfin ruwan raguwa yake sosai. Wanda ya zuba kuɗi tun farko a ba shi rangwame na dindindin, ya san yana da kaso, irin na mutanen Denmark. 'Yan ga-ruwa a ba su farashin sari da lokacinsu na ɗiba, su zama abokan ciniki. Yaron janareto shi za a koya wa kula da farantan.

Sai dai in faɗa maka iyakar wannan shawara. Yawancin binciken da na kawo an yi shi ne a ƙasashen da mutum ke da gidan kansa da albashi da bashin banki mai sauƙi, don haka a ɗauke shi a matsayin ishara kawai. A unguwa irin taku akwai wanda ba rashin yarda ke damunsa ba, babu ce kawai, kuma ba dabarar da za ta fitar da kuɗi daga aljihun da ba komai. Masu cewa aikin gwamnati ne su ma ba su yi ƙarya ba, ruwa da wuta haƙƙi ne a kan hukuma, kuma yin karo-karo bai hana ku ci gaba da bin kansila da shugaban ƙaramar hukuma ba. Akwai kuma 'yan haya, waɗanda suke da yawa a Tudun Wada. Wanda bai san ko zai kai baɗi a gidan ba, da wuya ya zuba jari a rijiyar unguwa. Su kada a matsa musu da kuɗin kafawa. A bi masu gidajen, domin gidan da ke kusa da ruwa hayarsa ta fi tsada, su kuma 'yan haya su biya nasu a bakin famfo.